Daga Kuɗin Data Zuwa Kuɗin Fansho

A ɗakin kwananmu, idan aka ce kuɗi, abin da ke faɗo wa mutum a rai bai wuce abinci da data da kuɗin mota ba. Lissafinmu gajere ne, daga ranar da aka turo daga gida zuwa ranar da garin kwaki ya ƙare. Amma zauna kusa da yayanka mai shekara talatin, ko mahaifinka da ke dab da ritaya, za ka ji zancen kuɗin ne dai, ciwon kan ne ya bambanta.

Babbar shawarar da ke gabanmu yanzu ita ce ta bashin karatu. Tun 2024 asusun NELFUND ke biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, har da Naira 20,000 a wata ta ɗawainiya ga wanda ya nema. Babu ruwa a kai, kuma ya ceci karatun mutane da dama. Sai dai wasunmu na karɓa kamar rabon gado. Bashi ne fa, shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinka. Ɗan shekara ashirin ne ke sa hannu, amma wanda zai biya shi ne saurayin da iyaye suka fara yi wa zancen aure.

A nan ne lissafi ke juyewa. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ya tashi daga Naira 33,000 zuwa 77,000, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Ke nan mai kaki ya fi ƙaramin ma'aikaci samu, sai dai nasa na shekara ɗaya ne tak. Ranar da ya tuɓe kakin, ga haya da ake biya a dunƙule, ga sadaki, ga lefe. A gidan amarya kuma ana fama da kayan ɗaki da gara. Duk waɗannan kuɗi ne masu zuwa gaba ɗaya, shi ya sa adashi ke da farin jini a wannan gaɓa.

Ni ban raina adashi ba, domin yana hana hannu ƙaiƙayi. Amma ba ya haihuwa. Idan ku goma ne, mai kwasar ƙarshe zai karɓi adadin da na farko ya karɓa, ba zai sayi abin da na farko ya saya ba. Wanda ya ga yadda farashi ya yi tsalle bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san haka. Iyayenmu mata da ke mayar da kwasarsu tunkiya ko ɗankunnen gwal sun riga mu gane wannan karatun, ba tare da sun shiga ajin tattalin arziki ba.

Magidanci ɗan arba'in kuwa, tsakiya yake: yara na jan sa ta ƙasa, tsofaffi ta sama, ga fili yana son ginawa.

Sai ritaya. Yawancin ma'aikatan gwamnati na ajiye aiki da sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, ko da yake ba duk jihohi ne suka bi tsarin ba. Ɗan kasuwa da manomi da tela fa? An ƙaddamar musu da ƙaramin tsarin fansho a 2019, amma abin da ka fi ji a bakinsu shi ne, "'Ya'yana ne fanshona." To, mu ne 'ya'yan.

Saboda haka idan ka je hutu, nemi sanin shekarun da suka rage wa Baba a aiki, cikin ladabi, ko ta hannun Umma idan da nauyi. Sannan ka duba ajin da autanku yake. In shekara huɗu ta rage, auta kuma yana aji biyu na ƙaramar sakandare, to kuɗin jami'arsa a kan albashinka na farko zai sauka, wanda NELFUND ta riga ta yanki kasonta a ciki.