Kafin mu sayi ƙarfen ɗagawa, mu duba makullinsa

A gidaje da dama na Yamai da Maraɗi, samarinmu kan zuba siminti cikin gwangwani biyu, su soka sanda, su yi ta ɗagawa. Himmar abin yabo ce, amma ba wanda ya san nauyin abin, kuma sau da yawa gefe guda ya rinjayi ɗaya, kafaɗa ta sha wahala.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su riƙa ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Mu a ganinmu, gara ƙarfen hannu mai faya-fayen da ake ƙarawa ko ragewa: a fara da kilo 2, a hau sannu a hankali, uba da ɗa su yi amfani da guda.

Sai dai a yi hattara. Mai makullin roba yana da tsada, ƙura na cushe shi, in ya karye ba mai gyara. Mai noti na ƙarfe kuwa, mai waldar unguwa ya iya da shi. A gwada ramin faifai da sandar kafin a biya, don akwai mai milimita 25, akwai mai 30. Faifan da ya suɓuce ya faɗo kan ƙafa, kuɗin asibitinsa ya fi kuɗinsa.