Ba Ƴan Ruwa-ruwa Ne Suka Ƙarar da Man Nijar Ba

Tun ƙarancin esansi na watan Maris 2025, da layukan motoci suka cika gidajen mai daga Yamai har Damagaram, magana ɗaya nake ji a bakin mutane, har a ɗakin malamai: wai laifin Najeriya ne, ko laifin ƴan sumoga. Ni ban yarda ba. Matsalar ta shugabancin kamfani ce, kuma duk wanda ya zauna a Magarya ko Dungas ya ga tahowarta tun daga nesa.

An buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamba 2011. Kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40, ƙarfinta kuma ganga 20,000 a rana. A lokacin ta fi ƙarfin buƙatarmu, har ana sayar da rara ga maƙwabta. Shekaru suka wuce, jama'a ta ƙaru, kabu-kabu ya shiga kowane ƙauye, injinan ban ruwa suka yawaita a fadamu, amma ƙarfin matatar yana nan inda aka bar shi. Abin da ya rufa asiri shi ne ruwa-ruwa, man Najeriya mai tallafi da ke shigowa ta Maigatari da Babura da Zangon Daura, ana ɗura shi a kwalabe a bakin hanya. SONIDEP, mai haƙƙin rarraba mai a ƙasar, tana ganin abin da gidajen mai suka saya ne, alhali babban ɓangaren kasuwar yana cikin jarka.

Mu malamai mun san girman wannan kasuwa, don da yaranmu ake yin ta. Na sha kiran suna a aji a ce mini wane yana wurin kwalabe, kuma ubansa ba zai saurare ni ba muddin yaron na kawo kuɗin cefane. Idan malamin firamare na iya ƙiyasta yawan man da garinsa ke sha daga kujerun da babu kowa a kai, me zai hana kamfani mai ofishin lissafi da na tsare-tsare?

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Duk mai kwalba a Magarya ya gane a makon nan cewa sana'arsa ta juya. Daga ranar zuwa Maris 2025 kusan wata 22 ne, lokacin da ya isa a ƙara rumbunan ajiya a kuma ƙulla yarjejeniyar sayo mai daga waje. A tsakiyar wannan lokaci, a Yuli 2024, aka rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499. Talaka ya ji daɗi, ni ma na ji, don babur nake hawa. Sai dai rage farashi yana ƙara masu saye, kuma ba a ƙara abin sayarwa ba.

Za a ce mini takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe iyakar Benin sun ɗaure wa kowa hannu. Gaskiya ne sun ɗaure. Amma a cikin wannan matsin aka kammala bututun kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa tashar Seme, wanda aka tsara ya kwashi ganga 90,000 a rana. Ashe inda aka sa himma ana iyawa. An tsara fitar da ɗanyen mai dalla-dalla, mai tacacce kuwa na cikin gida aka bar shi a hannun yaran bakin hanya.

Iyaye, wannan ta shafe ku kai tsaye. Yaran da suka bar aji saboda kwalba yau ba kwalba ba takarda, wasu har sun fara zancen Libiya. Malamin da ke koyarwa a ƙauyen da ke nesa da gari kuwa, ranar da babu mai babu darasi. Don haka ina ganin ƙungiyoyin iyaye da na malamai na da hurumin neman SONIDEP ta riƙa bayyana, jiha-jiha, lita nawa ake sha a wata da kwana nawa ajiyarta za ta ɗauka idan matatar ta tsaya don gyara.