Kwana 14 na Busia

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Ghana. Dattawan zangon Kumasi da na Sabon Zango a Accra ba su manta ba. Wasu firgici ya kwashe su, suka karyar da gida da rumfa a kuɗin banza, suka hau mota zuwa ƙasar da 'ya'yansu ba su taɓa takawa ba. Ba ma zarginsu. Wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa cikin dare shi ya san abin da ya ji. Amma akwai waɗanda suka danne zuciya, suka nemi shawarar sarkin zango, suka bi layin takarda. Jikokinsu ne da yawa cikinmu.

Yau idan matashinmu ya je neman Ghana Card aka tambaye shi asalin kakansa, ransa kan ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ɗaga murya ba ya fitar da kati. Haƙurin da muke nufi yana da aiki a cikinsa: a yi wa jariri rajistar haihuwa tun kafin a cinye naman suna, a adana tsofaffin takardun kaka inda gara ba ta kai.