ABIN DA NA GANO A MAIDUGURI, DARASI NE GARE MU

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda bayanin abin da idona ya gani.

Ni dai in na gama aikin gona nakan je Maiduguri sarin bandar kifi. A ƙarshen 2024 na yi irin wannan tafiya, bayan ambaliyar da ta auku ran 10 ga Satumba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle cikin dare. Ruwa ya sha kan unguwanni irin su Gwange da Fori, ya shiga fadar Shehun Borno, da asibitin koyarwa, da babbar kasuwar Monday Market. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka gudu. Hatta kadoji da macizan gidan zu ruwa ya fito da su cikin gari. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu.

Da na isa ruwa ya janye, amma shatarsa na nan a jikin bango, wani wurin ta fi tsawona. Maigidan da nake sauka wajensa mai sayar da kayan masarufi ne. Gobarar da ta cinye kasuwar a Fabrairun 2023 ta taɓa shi, ya ciwo bashi ya sake zuba kaya, sai ga ruwa ya jiƙa sukari da fulawa da shinkafa duka. Ya ce mini, “Malam, kayan sun tafi, amma bashin yana nan daram.” Wallahi wannan magana ita na yi ta juyawa a mota har na iso gida.

Jama'a, ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja da ita. Amma fa a 1994 wannan madatsa ɗin ce ta yi wa Maiduguri irin wannan ta'adi. Shekara 30 cur tsakani! Madatsa kamar rumbu ce, in ba a yi mata yaɓe ba, wata rana sai ta zube. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 domin sake gina ta. To, ina ma an kashe kaɗan daga ciki wajen gyara tun kafin a yi asarar rayuka?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mutanen ƙasar Haɗeja a ƙarƙashin madatsun Tiga da Challawa muke kwana. Manyanmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Mu kuma mun ga yadda ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Jigawa a 2022. Ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi, ruwa kuwa in ya rasa hanyarsa, gona da gida zai bi.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin Kano da Jigawa, a riƙa duba madatsun nan tun da rani, a yashe kogi. In za a saki ruwa, a sanar a rediyo da Hausa, a gaya wa dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, don ba kowa ke karanta takarda ba. In kuma an zo rabon tallafi, a tuna da mai tebur da mai talla. Shinkafar agaji kwana nawa za ta yi? Ɗan jarin da mutum zai tashi da shi ya fi masa.

Mu ma talakawa da namu laifin. Mun cika magudanai da leda, muna gini a kan hanyar ruwa don fili ya yi araha. Ni dai tun da na dawo na ɗaga kayan shagona bisa katako, irin shukata na kai shi gidan ƙanena da ke kan tudu, na kuma rage cin bashin kaya da yawa in damina ta kama. Mai adashi ya riƙe adashinsa, ranar wuya shi ne gatansa.

A ƙarshe ina jinjina wa mutanen Maiduguri. Na ga mata na soya ƙosai a gefen gidan da ya rushe, yara na tafiya makaranta. Bayan shekarun Boko Haram, ga gobara, ga ruwa, amma ba su karaya ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa kowa da alheri, ya kare mu baki ɗaya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Auyo, Jihar Jigawa.