Kafin Maigida Ya Sayi Mota

 Makon nan za mu ajiye zancen tuwo da ɗinki, mu yi maganar mota. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da mota, ai wannan sha'anin maza ne. To, 'yar'uwa, kuɗin da za a zuba a cikinta daga rumbun gidanku za su fito, wani lokaci har da awakinki da kuɗin adashinki. In kuwa naƙuda ta taso da tsakar dare cikin watan Agusta, ke ce za a kwantar a kujerar baya, ba dillalin da ya yabe ta ba. Balle yanzu ga malamai mata da masu aikin asibiti suna sayen tasu da guminsu.

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga wajen Zurmi. Ta ce maigidanta ya sayar da shanu da wake, ya tafi Kano, dillalai suka nuna masa wata ƙaramar mota ƙirar Jamus mai ƙarfin inji. Suka ce masa tana ja da ƙafa huɗu, ba ta kafewa, kuma in ta miƙe hanya ba mai kamo ta. Tun da ya komo ba ya zancen kome sai ita. Tana so ta ji ko gaskiya suka faɗa masa.

Rabi gaskiya ne, rabin kuwa bakin dillali ne. Bari in warware muku.

Kowace mota ƙafa huɗu gare ta, amma a yawancin motoci ƙafa biyu kaɗai inji ke juyawa, ko na gaba ko na baya, sauran biyun bi kawai suke yi. In waɗannan biyu masu aiki suka faɗa taɓo, sai su yi ta sulɓi wuri ɗaya suna watsa laka, mota ta kafe ke nan. Wadda ake ce wa mai ja da ƙafa huɗu, ita inji yana aika ƙarfi ga dukansu, in biyu sun sulɓe biyu su kama ƙasa. Amma fa iri biyu ne, kuma nan ne dillalai kan cuɗe wa mutane magana. Akwai irin su Hilux, wadda direba da kansa ke sa mata ƙafa huɗun sa'ad da ya iso yashi ko laka, tana kuma da wata ƙaramar giya ta musamman wadda ke sa ta tafi sannu kamar saniyar huɗa, amma da ƙarfi ƙwarai. Da ya hau kwalta busasshiya sai ya cire, in ya bar ta a haka zai yi wa motar ɓarna. Akwai kuma irin wadda ke yin abin da kanta, direba bai taɓa kome ba, kamar Subaru da Audi da waɗansu RAV4 da Highlander. Waɗannan ba su da ƙaramar giyar nan.

Ku 'yan makaranta, ku lura da asalin kowace. Land Rover ta fito a Ingila a 1948, don gona aka yi ta, shi ya sa iyayenmu suka san ta a hannun malaman gona da malaman dabbobi. Subaru ta fitar da tata a Japan a 1972, bayan wani kamfanin lantarki ya nemi motar da ma'aikatansa za su bi tuddai da ita cikin dusar ƙanƙara. Audi ta Jamus kuwa ta fito da Quattro a 1980, a fagen tseren motoci ta yi suna. Watau irin wadda aka nuna wa mijin 'yar'uwarmu an ƙera ta ne don ta riƙe kwalta mai santsi, ta sha kwana da gudu ba ta zame ba. Mu ba mu da ƙanƙara. Abin da muke da shi yashi ne, da laka, da ramuka, da kwalbatin da ruwa ya zaizaye.

Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda, jakuna da raƙuma suka riƙa kawo gyaɗa da auduga tasha. Yau akwai kwalta daga Gusau zuwa Kaura, daga nan ta rabu, ɗaya ta yi Shinkafi, ɗaya ta yi Zurmi har Jibiya. Amma da kin sauka daga kanta kin nufi ƙauye, sau da yawa hanyar ba ta bambanta da yadda jakunan nan suka bar ta ba. Da rani rairayi, da damina rafukan da ke zuba cikin Gagare da Bunsuru su cika, amalanke da manyan motoci su tona hanya, su bar kwari biyu da tudu a tsakiya. To, tudun nan na tsakiya shi ne alƙalin mota. In cikinta ya zauna a kansa, ƙafafun suka rataye, ko guda takwas ke ja ba inda za ta. Ƙananan motocin nan na gudu, tsakanin cikinsu da ƙasa kamar inci 5 ne. Camry ba ta cika inci 6 ba. RAV4 da Highlander wajen inci 8, Hilux ta fi haka. Ba sai kin nemi abin awo ba. Ki sa yaro ya durƙusa ya gwada da hannu, in bai sami taƙi guda tsakanin cikin mota da ƙasa ba, wannan motar birni ce, kome aka rubuta a bayanta.

Ku tambayi tsofaffin direbobi labarin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Da ƙafa biyu na baya take ja, amma ba lungun da ba ta shiga ba, don tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da laushin shanye gargada. Yau ma dubi Golf ɗin haya ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi. Ƙafa biyu na gaba ke ja, an ɗaga bayanta, an lafta mata buhuna da mutane, ga ta tana fitowa daga ƙauyukan da za ki rantse babur kaɗai ke zuwa. Ba yabon lodin nan nake yi ba, yana kashe mutane. Abin da nake so ku gani, tsayi da sanin hanya sun fi yawan ƙafa aiki.

Wani abu kuma da dillali ba zai faɗa ba: ƙafa huɗu tana taimakon tashi, ba ta taimakon tsayawa. Birki iri ɗaya ne, kowace mota da ƙafa huɗu take tsayawa. Mai mota mai ƙarfi yakan ji ta riƙe hanya, sai ya ƙara wuta, ran da akuya ko yaro ya gitta sa'an nan ya tarar nauyinta da gudunta sun fi ƙarfin birkin. Haka kuma ba ta iyo. In inji ya shaƙi ruwa ya mutu, gyaransa ya kusa kuɗin sabon inji, ruwa mai gudu kuwa da ya kai gwiwa yana iya tafiya da mota, ko babba ce. In rafi ya kawo, ki ce wa maigida a jira ya janye, ko da za a ce kin cika tsoro.

Sai maganar ci da sha, domin mota kamar kishiya take, kullum da rabonta a cefane. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai, farashin gwamnati bai kai naira 200 lita ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Babban inji shan mai gare shi, ƙarafan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya kuma nauyi ne a kan nauyi. Injunan gudu na Turai an yi su ne don fetur mai daraja ta sama, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa, balle a zo ga na 'yan bumburutu da ke cikin galan a bakin hanya. Ba ku manta da Satumba ta 2021 ba, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara, aka katse layin waya, aka ƙayyade man da za a sayar wa kowace mota. Mai mota mashayiya shi ya fi kowa jin jiki a lokacin.

Taya ma da nata. Mu nan al'adarmu in ɗaya ta fashe sai a sayo ɗaya, yawanci ta hannu, a ɗaura. Motar da ke ja da ƙafa huɗu da kanta ba ta son haka. Tana so duka huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma ta yi kusa da juna. In wata ta fi wata, sai abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya yi ta wahala a ɓoye har ya lalace. Motocin gudu kuma tayarsu siririya ce, kamar an naɗa roba a bakin faranti, rami ɗaya ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa ƙarfen, mai facin garinku kuwa ba shi da irinta. In ta mutu a hanya ba a ɗaga gabanta a ja, sai an ɗora ta duka a kan wata motar. Ina za ki sami wannan tsakanin Zurmi da Kaura ana kiran magariba?

Wannan ta kawo mu ga bakanike, wanda a ganina shi ya kamata a fara tambaya tun ba a je Kano ba. Kayan Toyota da na Golf ana samunsu kusa, yaran gareji kuma sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu. Motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, sa'an nan a aika Kano ko Kaduna a jira kaya mako biyu, za ta fi daɗewa a ƙarƙashin darbejiya da a kan hanya. Kun sha ganin irinsu a ƙofar gidaje, taya ta sace, kaji na kwana a ƙarƙashi.

Akwai maganar da ba na son yi, amma tilas ne. Shekarun nan 'yan bindiga sun sha tare hanyoyin ƙasarmu suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san suna da masu kai musu labari a cikin gari. Mota mai ƙyalli a ƙofar gida shela ce. Waɗansu maza sukan ce ai don haka suke son mai gudu, in an tare su tsere. Ban yarda ba. Ba a tsere wa harsashi, kuma gudu a hanyar da ke da ramuka, da 'ya'ya a baya, wata hanyar mutuwa ce dabam. Motar da ta yi kama da ta kowa, da fita bayan rana ta ɗaga, da tambayar direbobin tasha labarin hanya, da komowa kafin la'asar, sun fi ƙarfin inji tsare rai. Allah ya kiyaye mu.

To, wace za a saya? In zirga-zirgar gidanku tsakanin Kaura da Gusau ce, kai yara makaranta da zuwa awo, ƙaramar mota mai ƙafa biyu irin su Corolla ta isa, ragowar kuɗin a sayi tumaki. In garinku yana bayan rafi, ko maigida yana da gona a fadama, a nemi mai tsayi, RAV4 ko makamanciyarta, in kuwa har da ɗaukar buhuna ne sai a-kori-kura. Amma ƙaramar mota mai gudu wadda cikinta ke shafar ƙasa, ko da ƙafa huɗu take ja, ban ga abin da za ta yi wa mutumin ƙauyen Zurmi ba sai cin kuɗi.

Ran da za a je saye, maigida ya tafi da bakaniken garinku, wanda zai riƙa gyaran, ya biya shi ladansa. Su leƙa ƙarƙashi. Jif da yawa da ke zuwa daga Amurka, har da Highlander da RAV4 da Lexus, ƙafa biyu na gaba kaɗai ke ja, jiki ne kawai iri ɗaya. Mai ƙafa huɗu ta gaskiya tana da wani dogon ƙarfe da ya tashi daga wajen giya ya tafi ƙafafun baya, in babu shi kada a biya kuɗinsa. Su ɗaga shimfiɗar ƙasa su shinshina, su duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, don akan kawo motocin da ambaliya ta shanye a can, a wanke su a fesa turare. Takardun kwastan su zama cikakku, lambar da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda. A jikin taya kuma akwai lambobi huɗu a jere masu faɗin ranar haihuwarta: in kin ga 2319, watau mako na 23 ne na 2019. Tayar da ta haura shekara shida a zafin ƙasar nan, ko zanenta bai cinye ba, ba abin amincewa ba ce.

Duk wannan ba a tsakar gida za ki faɗa masa ba, ba kuma gaban abokansa ba, don namiji in ya riga ya yabi mota a majalisa, janyewa tana yi masa wuya. Ki bari ya ci tuwo ya sha ruwa. Ki ce, "Maigida, motar nan ta yi kyau, amma in ta lalace wa zai gyara mana a garin nan? In kuma ciwo ya tashi da damina, za ta haye rafinmu?" Ki bar shi da tambaya biyun nan ya kwana da su. In so samu ne ma a jinkirta sayen har ruwa ya sauka, a ga irin motocin da ke iya shiga garinku da waɗanda ake turawa.

'Yan makaranta, ga naku aikin. Daga Kaura zuwa Gusau kamar kilomita 60 ne. A ce mota ɗaya tana cin kilomita 12 da lita guda, ɗaya kuwa kilomita 6, a ce kuma lita naira 1,000 don sauƙin lissafi. In baba yana zuwa ya komo sau ɗaya kowane mako, nawa ne bambancin kuɗin mansu a shekara? Ku tambayi inna kuɗin buhun gero a kasuwarku, ku gano buhu nawa wannan bambanci zai saya. Ku nuna wa baba amsar tukuna, sa'an nan ku aiko mini da ita, ku rubuta sunan makarantarku da ajinku.