FILIN MATA: Garahuni Da Ciwon Sukari

Hirarmu ta wannan mako a kan garahuni ce, wannan ɗan tsiro mai ɗaci da kan nannaɗe danga da damina, wanda iyayenmu kan dafa wa mai jego ganyensa.

Ga abin da ya jawo hirar. Ran Juma'ar da ta wuce na je gai da gwaggona, wadda ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Na iske ta da ƙwarya cike da wani ruwa kore shar. Na ce, "Gwaggo, me ke nan?" Ta ce, "Garahuni ne, ɗiyata. An ce likitoci sun gwada shi, sun ga yana kashe sukari. Yau kwanana huɗu ban sha ƙwayar asibiti ba." Nan take gabana ya faɗi. Da na koma gida sai na zauna na bi diddigin maganar, kuma ga abin da na samo.

Da fari dai, wanda masana suka fi bincike a kansa ɗan'uwan garahuninmu ne. Namu 'ya'yansa ƙanana ne, na wancan kuwa dogaye, masu ƙuraje a jiki. Mutanen Indiya suna kiransa karela. Su da mutanen Sin da na Tailan nomansa suke yi sosai, suna soya ɗanyen ɗan ko su sa shi a miya. Abinci ne mai amfani, gama a cikin giram 100 na ɗanyensa akwai bitamin C fiye da wanda ke cikin giram 100 na lemon zaƙi.

Wajen nomansa, akwai wata cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da aka kafa a Taiwan cikin 1971. Ma'aikatanta na Tailan sun fitar da iri masu jure wata cuta da kan sa ganye ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ga kuma abin da masu nomansa suka tabbatar, wanda kowace mai ɗan fili a bayan ɗaki za ta iya bi. Ƙwayar irin tana da ɓawo mai tauri, saboda haka a jiƙa ta kwana ɗaya kafin a shuka. A kafa masa rumfa ya hau, domin ɗan da ya kwanta a ƙasa ruɓewa yake yi. Furensa iri biyu ne, mace da namiji, a jikin uwa ɗaya, kuma ƙudan zuma ne ke haɗa su, don haka kada a yi feshi da safe sa'ad da zuma ke yawo. Wajen wata biyu da shuka akan fara tsinka, tun yana kore. Babban abokin gabansa wani ɗan ƙuda ne mai zuba ƙwai a cikin ɗan. Dabarar ita ce a sa wa kowane ɗa 'yar jakar takarda tun yana ƙarami.

To, mu koma kan sukari. Maganar da aka gaya wa Gwaggo tana da tushe. Masana sun sami abubuwa a cikinsa masu rage sukari a jinin dabbobi, har cikin 1981 wasu a Indiya suka ba da labarin wani mai aiki shigen na insulin. Amma gwaji a kan ɓera daban, a kan mutum daban. Cikin 2011 aka buga sakamakon wani gwaji na Tailan, inda aka ba masu ciwon giram 2 na garinsa kullum har mako huɗu. Sukarin ya ɗan sauka, amma bai kai yadda ƙwayar metformin ta saukar da shi ba. Cikin 2012 wasu masana suka tattara gwaji huɗu da aka yi a kan mutum 479, suka ce hujjar ba ta isa a ce magani ne ba. Cikin 2018 kuma wani gwaji na Tanzaniya ya nuna ya ɗan taimaki waɗanda sukarinsu ya fara hawa, waɗanda ciwon bai riga ya kama su sosai ba.

Kun gani ke nan, wanda ya bar ƙwayar likita dominsa ya saki reshe ya kama ganye. Ciwon sukari kuwa ba ya sallama. A hankali yake cin ido da ƙoda da ƙafa, mai shi yana ganin lafiyarsa lau.

Sai ku riƙe abu uku. Na ɗaya, mace mai ciki ta nisance shi, gama an ga yana zubar da cikin dabbobi. Na biyu, kada a ɗura wa yara ruwansa, kada kuma a bar su su tsotsi jan abin da ke lulluɓe da ƙwayar in ya nuna. Na uku, mai shan ƙwaya ko mai yin allurar insulin ta gaya wa likita kafin ta haɗa da shi, don kada sukari ya faɗi ƙwarai har ta suma.

Wanshekare na koma na durƙusa gaban Gwaggo na ce, "Ki yi mini arziki mu je a auna jininki." Ta yi 'yar ƙorafinta, ta ce 'yan boko ba su da aiki sai raina na gargajiya, amma ta ɗauki mayafi. Da aka auna aka tarar sukarin ya hau ƙwarai. Yanzu ta koma kan ƙwayarta.

In akwai mai irin wannan ciwo a gidanku, ku tambaye ta yau, kuna murmushi, ko tana shan maganinta. Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.