Wayar hannu na cinye barcin yara

A gidan Bahaushe, salla ce ke raba wa yaro yininsa. Daga asuba sai karatun allo, ya sha koko ya tafi boko, ya dawo ya nufi Islamiyya. Bayan isha'i kuwa, a da can, kaka ce ke tara jikoki a tsakar gida da tatsuniya har barci ya kwashe su.

Yau wannan ƙarshen yinin ne ya lalace. Da zarar an kawo wuta, sai a kunna talabijin, ko uwa ta miƙa wa ɗanta waya don ta samu sararin kammala aiki. Wa zai ga laifinta? Amma likitocin barci a Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron da zai tashi ƙarfe 5:30, ke nan ya kamata 8:30 ta same shi a shimfiɗa.

Malaman firamare sun san masu kwanan kallo: su ne ke gyangyaɗi tun kafin tara.